Idan kamfanin intanet ya toshe fot 80

Yarona, na ji tambayarka. Ka ɗaura wa kwastoma kyamarori, ka haɗa DVR, na'urar da ke naɗar hotonsu, da rauta, a cikin gida hoto na fitowa tas, amma da ya fita ya gwada da datar wayarsa sai shiru. Ka yi fot fowadin na 80 yadda ka ga ana yi, bai yi ba. An ce maka kamfanin intanet ne ya toshe, kana so ka ji ko akwai hanyar zagayewa.

Akwai, amma ba kullum take ci ba. Kuma kada ka yi saurin ɗora wa kamfani laifi tun ba ka gano inda abin ya maƙale ba.

Ɗauki rauta a matsayin mai gadi a ƙofar gida mai ɗakuna da yawa. A waje adireshi ɗaya aka san gidan da shi, wanda kamfani ya bayar. Na'urorin ciki kowace da nata, irin su 192.168.1.20, kuma waɗannan ba sa fita waje. Idan ta ciki ta aika saƙo, mai gadi ya rubuta, amsa na dawowa ya san mai ita. Wannan shi ne NAT. Baƙon da ya zo ba wanda ya kira shi kuwa, bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Fot fowadin umarni ne kawai da kake ba mai gadin: duk wanda ya zo ya ambaci lamba kaza, ka kai shi ɗaki kaza. Ikonsa a bakin ƙofa ya tsaya. In an tare baƙon tun a hanya, bai ma san an yi ba.

To ga dabarar. Buɗe shafin fowadin a rauta ka duba da kyau, gurbin lamba biyu ne, fot na waje da fot na ciki. Yawancin yara 80 suke rubutawa a duka biyun, suna ɗauka dole su zama ɗaya. Ba dole ba ne. Lambobin fot sun kai 65535, kamfani kuwa 'yan ƙalilan yake toshewa. Sai ka sa na waje 18480, na ciki ka bar shi 80, adireshi ka sa na DVR ɗin, ka zaɓi TCP, ka adana. Mai shigowa daga waje zai rubuta adireshin gidan, ya sa ɗigo biyu, ya biyo da 18480. Kamfani ya ga lambar da ba ta cikin jerinsa ya bar ta ta wuce, rauta ta miƙa wa DVR a 80, shi DVR bai san an canza komai ba. Ka zaɓi lamba sama da 1023, don na ƙasa duk da masu su. Ni ba na son 8080, kowa ita yake fara gwadawa, wasu rautocin ma sun riga sun riƙe ta don shafin kansu.

Ba don mugunta suke toshewa ba. Fot 25 na aika imel ne, kwamfutocin gida da suka kamu da cuta ta nan suke watsa saƙonnin banza. Ta 135 tsutsar Blaster ta bi a 2003, ta 445 kuma WannaCry ta yaɗu a 2017. Shi 80 galibi don ba sa son a kafa saba, wato kwamfutar da mutane ke shiga daga waje, a layin gida ne, wasu ma sun rubuta haka a yarjejeniyarsu, don haka ka karanta ta kafin ka jawo wa kwastoma rigima. Ka kuma sani dabarar canza lamba tana aiki ne idan kai ke da iko da mai shigowa, za ka iya gaya masa sabuwar lambar. Wanda ya ce ka kafa masa sabar imel a gida alhali an toshe 25, gaya masa gaskiya, sabobin duniya fot 25 kaɗai suke ƙwanƙwasawa, ba wanda zai neme shi a wata lamba.

Yanzu ga abin da na fi zargi a aikin nan naka, kuma shi ya kamata ka fara dubawa tun kafin ka taɓa fowadin. Shiga rauta ka karanta adireshin WAN, wato wanda ta samu ta ɓangaren waje. Sannan ka buɗe burauza a cikin gidan ka tambayi ɗaya daga shafukan nan masu nuna IP ɗinka, wato adireshin da waje ke ganinka da shi. In lambobin biyu sun zo ɗaya, madalla, kana da adireshin waje na gaske, dabarar za ta yi. In sun bambanta, akwai wani NAT a gabanka. Idan na WAN ya fara da 192.168, wataƙila rauta biyu ce a gidan, ta kamfani da wadda kwastoma ya ƙara, sai ka yi fowadin a dukansu, ko ka mayar da ta farko gada kawai. Amma in ka ga lamba tsakanin 100.64 da 100.127, CGNAT ke nan, tattara kayanka. Kamfanin ya haɗa gidaje da yawa a kan adireshin waje ɗaya, kuma rautar da ke da ikon buɗe ƙofa tana can wurinsu. Ba 80 kaɗai ba, ko wace lamba ka sa ba za ta shigo ba. Dalili shi ne adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun 2011 hukumar IANA mai rabon adireshin intanet ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Rautoci masu layin waya yawancinsu haka suke. Na sha ganin gwanaye sun wuni suna canza lamba a kan irin wannan layi, abin da kallon minti ɗaya zai raba su da shi.

Mafita a nan ba a rautarka take ba. Ko kwastoma ya nemi kamfani ya ba shi adireshin waje nasa na kansa, ko ku bi ta IPv6, sabon tsarin adireshi, in layin da na'urar duk suna da shi, ko a yi amfani da hanyar da na'urar ciki ce ke fara fita ta haɗu da wata saba a waje, kamar P2P ɗin da ke zuwa da yawancin DVR, ko VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai makulli, zuwa sabar haya.

In adireshin lafiya lau ne kuma har yanzu shiru, duba ƙananan abubuwa. Shafin burauza ne ke kan 80, manhajar waya sau da yawa wata lamba take bi: Hikvision 8000, Dahua 37777, bidiyon RTSP kuma 554. Ka ɗaure wa DVR adireshi ɗaya a DHCP, sashen rauta mai raba adireshin cikin gida, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ta dawo zai iya samun wani, fowadin ɗinka ya koma nuna wayar wani. Duba getwe ɗin da ke cikin DVR, wato adireshin rauta da aka sa masa, in ba daidai ba ne saƙo zai shiga amsa ta rasa hanyar fita. Kuma kada ka yi gwaji kana kan waifai ɗin gidan, wasu rautoci ba sa yarda a fita a dawo ta ƙofa ɗaya. Kashe waifai, kunna data. Adireshin waje kuma yana canzawa, sai ka saita DDNS kwastoma ya riƙe suna maimakon lamba.

Saura abin da ba na wasa da shi. Canza 80 zuwa 18480 ba kwaɗo ba ne. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshi suna gwada lambobi, za su same ka. A 2016 cutar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata gwaninta ba, da kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai. Don haka ba ka buɗe fot sai ka canza kalmar sirri, ka sabunta manhajar na'urar. Kada in ji ka jefa DVR cikin DMZ don ka huta, wannan duk fot ɗin ka buɗe masa a lokaci ɗaya. Kada kuma ka fitar da 3389 na shiga Windows daga nesa ko 445 waje ko da kwastoma ya matsa. In rautar tana da WireGuard, wani nau'in VPN, shi na fi so: fot ɗaya na UDP, yawanci 51820, wanda ba shi da makulli ko amsa ba zai samu ba, mai makulli kuwa yana shiga zai ga kyamarorin da adireshinsu na cikin gida, ba sai ka yi wa kowace na'ura fowadin ba.