Wai da gaske akwai roba a cikin kifin ƙanƙara?

Tambaya: Salam Malam, ni mai suyar kifi ce a wani ƙauye kusa da Haɗeja. An turo min murya a WhatsApp wai kifin ƙanƙara cike yake da roba, yana sa ciwon daji. Yarana ma shi suke ci, wallahi hankalina ya tashi. In daina sarowa ne in koma na kogi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki. Eh, akwai ɓurɓushin roba a teku, wanda bai kai milimita 5 ba, ƙananan halittun ruwa su haɗiye shi, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, har abin ya iso kaskonki. A 2022 ma masu bincike a Holan sun gano roba a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada. Amma maganar wai cin titus na sa ciwon daji, babu binciken da ya tabbatar da haka, masu tura murya ne kawai. Yawancin robar a hanji take maƙalewa, ki feɗe ki cire kayan ciki tas ki wanke.

Abin da ke ci min rai shi ne wannan na "in koma na kogi". Kullum sai na ji shi, wai roba matsalar masu teku ce, namu ruwan tsaf yake. Haba! Je ki tsaya bakin kwalbati ranar kasuwa bayan an ɗauke ruwan sama, ki ga ledar fiya wata da baƙar leda da tsohuwar komar masunta yadda suke gangarawa, mutane suna cewa ai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Kogin nan da ya taso daga Tiga da Challawa ya bi ta Wudil da Ringim ai ba teku yake shiga ba, fadamar Nguru yake bazuwa, ragowar ya nufi Tafkin Chadi, wato duk ledar da muka zuba tana nan tare da mu. Kuma leda ba ta ruɓewa kamar kara, rana ce ke gasa ta ta farfashe ta zama gari, tarwaɗa kuwa a taɓo take kiwo, can inda garin ke kwanciya.

Don Allah ki tara ledojin rumfarki a buhu, kar su shiga kwata, kuma kar ki hura wutar suya da leda, hayaƙin nan guba ne, ke da yaran ne ke fara shaƙarsa.