Kwanakin Kyauta a Wurin Aiki na Haɗaka: Wa Ya Shigo, Wa Ya Biya?

Tambaya: Malam, ina da wurin aiki na haɗaka a Kano, wato inda mutane ke biyan kuɗi su zauna su yi aikinsu, tebur 20, da sola da janareta da intanet mai ƙarfi. Kuɗin wata naira 25,000 ne. Duk sabon zuwa ina ba shi mako guda kyauta. Kullum wurin a cike yake, amma a watan jiya mutum 4 kaɗai suka biya. Ƙanena ne ke kula da ƙofa. In mayar da kyautar mako biyu? Burina wurin ya zama kamar WeWork, babban kamfanin nan na Amurka mai ba da hayar irin waɗannan wurare.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko kwana ɗaya. Ka faɗa mini yawan teburanka da kuɗin wata, amma ba ka faɗa mini mutum nawa suka ci makon kyautar ba, ko wace sana'a suke yi. Na tabbata ba ka rubuta ba. Nan ciwon yake.

Mu ƙaddara mutum 40 ne, kowa ya zauna kwana 5. Zama 200 ke nan. In kowane zama ya ci maka naira 1,500 a mai da data da ruwan sha da lalacewar batir, ka kashe 300,000 don ka samu mutum 4. Kowane ɗayansu ya tsaya maka a 75,000, sai ya yi wata uku yana biya kafin ka mayar da abin da ka kashe wajen kamo shi. Wannan kintace ne kawai, ainihin lissafin yana cikin littafin da ba ka buɗe ba.

Ka tuna inda muke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wuta da intanet sun zama abin nema. Wanda ya ji akwai inda zai yi cajin waya, ya sauke bidiyo, ya sha fanka ba ko sisi, zai zo, kuma ba laifinsa ba ne. Sai dai bai taɓa niyyar biya ba, ko shekara ka ba shi. Mai kilishi yana ba da ɗanɗano, amma ɗan yanki ne, kuma ga wanda ya tsaya yana tambayar farashi yake miƙawa.

Na san wata baiwar Allah a Kaduna da ta ba da wata guda kyauta. Ɗalibai suka cika wurin, hayaniya ta yi yawa, intanet ya koma jan ciki. Masu biyanta na gaske, wani akanta da wasu matasa masu rubuta manhaja ga kamfanonin waje, suka tattara kwamfutocinsu suka tafi ba sallama, domin ba sa iya taron bidiyo ta manhajar Zoom. Ta rasa masu riƙe mata kuɗin haya saboda waɗanda ko ruwan leda ba su saya ba. Ka duba, wataƙila cikar da kake murna da ita tana korar maka irin waɗannan.

Batun ƙanenka kuma, ban ce yana cutarka ba. Amma yaro ba zai iya hana abokinsa sake shiga a matsayin sabon zuwa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Littafi ne zai cire masa wannan nauyin: suna, lambar waya, sana'a, wa ya turo shi, ranar da ya zo. Wanda sunansa ya taɓa shiga, ya gama cin rabonsa.

Kyautar tana aiki, amma kwana ɗaya ya isa. Mai aikin gaske kafin La'asar ya gane ko wutarka na tsayawa, ko intanet ɗinka na ɗaukar taro, ko akwai wurin sallah da banɗaki mai tsafta. Mai son gwaji ya sanar da zuwansa tun ana gobe, kada masu gwaji su wuce 2 ko 3 a rana, kuma kai da kanka ka zauna da shi kafin ya tafi ka faɗa masa farashi. Bayan kwana biyu ka kira shi. In ya ce a'a, ka tambayi dalili ka rubuta. Wanda 25,000 ta yi masa nauyi, ka buɗe masa tikitin yini ko na kwana 10.

WeWork kuwa, ka cire shi daga ranka. A 2019 an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 47, a Nuwamban 2023 ya je kotu a Amurka yana neman kariya daga masu binsa bashi. Ya ɗauki hayar gine-gine ta shekaru masu yawa, masu zama kuma wata-wata suke biya, suna tafiya lokacin da suka ga dama. Kai ma hayar shekara ka biya. Ka fara lissafa tebur nawa ne dole a biya kuɗinsu kowane wata kafin haya da mai da albashi su fita, ka rubuta adadin a shafin farko na littafin.