Takin Gargajiya Da Na Zamani A Lambun Mangwaro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambun mangwaro mai bishiyoyi 40 waɗanda suka shekara 8 da dasawa. Shekara 3 ke nan ina zuba musu yuriya zalla, ganye ya yi kore shar, amma 'ya'ya sai raguwa suke yi, ƙasar kuma ta yi tauri. Shin in daina takin zamani in koma kashin shanu kaɗai? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka haɗa su biyun, domin takin zamani bishiya yake ciyarwa kai tsaye, shi kuwa na gargajiya ƙasar yake rayawa, kuma babu wanda zai iya ɗaukar aikin ɗan'uwansa gaba ɗaya.

Abin da ka gani a lambunka alama ce ta yawan naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Yuriya tana ɗauke da kashi 46 cikin 100 na wannan sinadari, ba ta da fosfaras ko fotashiyam ko kaɗan, sauran manyan sinadarai biyu da shuka ke buƙata. Mangwaro kuwa yana buƙatar ya huta daga toho kafin ya yi huda, saboda haka idan aka cika masa naitirojin sai ya yi ta fitar da sabon ganye a lokacin da ya kamata ya yi fure. 'Ya'yan da ya samu ma sukan yi laushi daga ciki, a yanka a tarar tsokar da ke kewaye da ƙwallon ta narke alhali bawon lafiya lau. Bugu da ƙari, daɗewa ana zuba yuriya yana ƙara wa ƙasa tsami, mangwaro kuma ya fi son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance tsakanin 5.5 da 7.5.

Komawa kashin shanu kaɗai ma yana da nasa cikas. Naitirojin da ke cikin busasshensa yawanci kashi 1 ne zuwa 2 cikin 100, wato sai ka zuba kilo 23 zuwa 46 kafin ka kamo abin da ke cikin kilo 1 na yuriya, kuma a hankali yake sakinsa. Amfaninsa na haƙiƙa yana wani wuri ne: yana sassauta ƙasa, yana riƙe danshi, yana kuma hana ruwa wanke takin zamani zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, musamman a ƙasa mai yashi. Bayan damina biyu ka tona da fartanya, za ka ga ƙasar ta yi duhu, tana marmashewa a hannu, tsutsar tana ma ta dawo cikinta. Ni a wurina wannan ce shaidar da ta fi kowace.

Da zarar an gama tsinkar 'ya'ya kuma ƙasa ta jiƙa, ka haƙa ɗan rami mara zurfi a kewayen bishiyar, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, domin a nan ne ƙananan saiwoyin da ke shan abinci suke, ba a gindi ba. Ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka barbaɗa NPK 15-15-15 (takin zamani mai naitirojin, fosfaras da fotashiyam, kowanne kashi 15 cikin 100) a kansa, sannan ka rufe da ƙasa, domin yuriya da danginta idan aka bar su a fili kan zafi, iska ce ke kwashe wani kaso na amfaninsu. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona saiwa, don haka a bar shi ya ruɓe tsawon watanni tukuna. Ka dakatar da naitirojin watanni kaɗan kafin huda, idan 'ya'ya sun kama kuma ka ƙara fotashiyam, wanda ke taimaka musu wajen girma da zaƙi, muddin kana da ruwan ban-ruwa.

Tunda ka shekara 3 a kan yuriya, ina roƙonka ka kai samfurin ƙasar lambun ɗakin gwaji kafin ka sayi wani buhu. Sakamakon ne zai nuna maka ko tsamin ya kai a zuba farar ƙasa (laim) don a rage shi, da kuma adadin takin da kowace bishiya za ta ɗauka.