Oga na min murmushi amma sitikar motarsa na korata

Wani ɗan'uwa da ke aiki a wani sito a Columbus, jihar Ohio ta Amurka, ya turo min tambaya. Ogansa kullum fara'a, har ya iyali yake tambayarsa, amma a bayan motar ogan akwai sitika mai cewa baƙi su koma ƙasarsu, satin da ya wuce kuma sai ga takardar gargaɗi ta imel wai yana makara bayan hutun rana, alhali azahar yake tsayawa yi, kuma bai taɓa masa maganar da baki ba. Wai ya tare shi a wurin fakin a yi ta ta ƙare?

Ɗan'uwa don Allah kar ka tare shi. Na san abin da zafi, mu mun saba in mutum na da magana ya zo a zauna ko ya turo babba. Su kam da yawansu gara su maka dariya sannan su kai ƙararka a rubuce, abin da ke cikinsu kuma bamba ce ke faɗa, tun zaɓen shugaban ƙasa Eisenhower na 1952 suke manna ra'ayinsu a mota. Kamar habaicin da muke gani a bayan tifa da a-daidaita-sahu ne, an jefa magana ba a kama suna ba. Dokarsu ta ba shi ikon manna abinsa, in ka ɗaga masa murya kai za a kira wa 'yan sanda, kuma kamu ɗaya na iya ɓata maka neman zama ɗan ƙasa.

Takardar nan ita ce abin dubawa, domin a Ohio ana iya sallamarka ba tare da dalili ba, sai dai ba don addini ko ƙasar da ka fito ba, dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana, ta kuma ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya ba ka damar ibada in ba zai takura aiki sosai ba. To ka amsa imel ɗin cikin ladabi, ka ce sallah ce, minti kaza take ɗauka, ka nemi a daidaita maka lokacin hutu, ka sa ofishin kula da ma'aikata a ciki. Ajiye kwafi a wayarka. In aka ci gaba da matsa maka akwai hukumar EEOC mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki, kar ka bari kwana 180 su wuce ba ka je ba.