Kafin ku kira mai walda, ku duba gindin ƙarfen

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce na'urar motsa jikin da ke lambun unguwarku a Abuja, wadda ake takawa ana lilo da ƙafafu, ta fara rawa tana kuka, kana tambaya ko ku yi karo-karo a gyara ko ku kai koke. Walda ce sana'ata, irin waɗannan ƙarafa kuma sun sha biyowa ta hannuna.

Tun yau, kafin maganar kuɗi, a sa sarƙa da kwaɗo a ɗaure ta. Takardar "kada a hau" ba ta hana yaro hawa, shi abin wasa ya gani. Akwai wata roba da ke tare ƙafar na'urar kada ta zarce. Idan ta cinye, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe, yatsan da ya shiga tsakani kuwa sai asibiti.

Daga nan sai a gano inda ciwon yake. In kukan daga sama yake fitowa, wajen mahaɗa, da sauƙi: ko boris ya mutu ko noti ya saki. Ƙurar hunturu ce ke shiga, damina ta zo ta kwaɓa ta. Ku cire tsohon boris ɗin ku tafi da shi kasuwa, lambarsa na jikinsa, kamar 6205 ko makamanciyarta. Ku nemi mai alamar 2RS, shi ne mai murfin roba ta gefe biyu. Don Allah kuma a daina tsiyaya baƙin mai, ƙura kawai yake tarawa. Giris ake sawa.

Inda nake jin tsoro shi ne gindin, daidai inda bututun ya shiga kankare. Nan ruwa ke kwanciya, tsatsa ta riƙa ci ta ciki, fenti na nan sumul a waje. Ka ƙwanƙwasa da guduma. Lafiyayyen ƙarfe zai amsa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, wani lokaci har ya lotsa. Wannan ba aikin walda ba ne. Ƙarfen da ya zama siriri ba ya riƙe ɗinki, ga shi wuta na ƙone rufin zinkin da ke kare shi, damina ɗaya sai ya sake ɓallewa a gefen inda aka liƙe. Ni ba na karɓar irin wannan aikin. Wani zai karɓa ya yi muku a minti 20, amma ranar da ta karye da dattijo a kai, waɗanda suka haɗa kuɗin za a nema. Ko a China, inda ake ƙera su da yawa, ƙa'idarsu ta 2011 shekara 8 ta ɗibar wa irin wannan na'ura, ballantana wadda ba ta taɓa ganin giris ba.

Shi ya sa nake cewa kada ku taɓa sai da izini a rubuce. Ku fara sanin mai wurin. Lambunan gwamnati a Abuja suna ƙarƙashin sashen kula da lambuna na AMMC, hukumar da ke kula da birnin, amma da yawa an ba 'yan kasuwa su gudanar, na cikin rukunin gidaje kuma galibi na ƙungiyar mazauna ne. Ku rubuta wasiƙa da hotuna da sa hannun maƙwabta, a buga muku hatimi a kwafinku. Kiran waya ba ya barin shaida.

In aka yanke shawarar cire ta, kada a bar ta yashe a wurin, 'yan jari-bola ba za su bari ta kwana ba. Kun tuna a Janairun 2025 har kasuwannin panteka aka rufe na mako biyu a Abuja saboda satar murafun kwalbati. A ajiye ta a hannun mai wurin, a yanke kututturen daidai da kankare, a cike ramin da siminti don kada ya yanki ƙafar mai gudu da asuba.