Muryar Yaya daga unguwar Nima ta Accra kan masaukin bakin teku

(Ga muryar a rubuce, saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan kowa ya wuni lafiya. Maman Ummi, na ji saƙonki tun da safe, ina kasuwa ne ban samu na zauna ba sai yanzu. Kin ce ke da Baban Ummi kuna so ku kawo yara Gana a dogon hutun nan su ga teku, kuna neman ɗan ƙaramin masauki a bakin ruwa wanda ba zai cinye muku aljihu ba. To ki gyara zama, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Lokacin da kuka zaɓa dai bai ɓaci ba. Ruwan sama a kudancin nan ya fi ƙarfi a watan Yuni, kafin Agusta ya lafa. Amma kar ki sa ran ranar nan mai ƙyalli da kike gani a hoto. Agusta garin lumshe yake, ga iska, ruwan tekun ma da sanyi. Ki sako wa yara rigunan sanyi, da gaske nake, kar ki yi dariya. Amfaninsa shi ne ba a cika kamar Disamba ba. A Disamba 'yan Amurka da 'yan Ingila suke kwararowa gida, komai ya yi tashin gwauron zabi.

Yanzu ga maganar da nake so ki riƙe. Kar ki nace sai ɗakin da yake kan yashi. Kuɗin kallo ake karɓa a wajenki, ba kuɗin kwana ba. Ki koma baya layi ɗaya ko biyu, cikin gari, za ki samu ƙananan gidajen baƙi masu ɗaki shida ko takwas, na mutanen garin, ki taka minti biyar ki ga kanki a bakin ruwa. Ni na ga inda ɗakin gaba ya ninka na baya a kuɗi, kuma na bayan ya fi shi lafiya.

Na taɓa yin wannan wautar, shi ya sa nake gaya miki. Wata shekara na ga hoton wani wuri a Kokrobite, bukka mai rufin ciyawa, ga bishiyar kwakwa, ga teku a ƙofar ɗaki. Ban yi shawara da kowa ba na tura rabin kuɗi ta MoMo. Da muka isa, makullin ƙofar ya ci tsatsa har sai da yaron wurin ya sa kafaɗa ya banke ta. Gishirin teku haka yake yi wa ƙarfe. Katifa da danshi kamar an shanya ta ba ta bushe ba, fanka tana juyi tana kuka. Duk wannan da sauƙi. Ashe daren Asabar ne, kuma bangonmu ɗaya da mashaya. Kiɗa har kusan asuba, gado yana rawa. Alhaji bai ce min uffan ba, kallona kawai yake, wallahi gara a ce zagina ya yi. Muna idar da sallar asuba muka tattara. Kokrobite kusa take da Accra, wajen kilomita 30, kuma samari suna son ta, amma ba wurin mai iyali ba ne a ƙarshen mako.

Saboda yara, ni Ada Foah na fi so muku. Nan ne kogin Volta yake shiga teku, kilomita 100 da 'yan kai gabas da Accra. In ta mota kuka zo daga Legas ma a kan hanyarku take, bayan kun tsallake gadar Sogakope sai ku sauka a mahaɗar Kasseh ku ɗauki tasi zuwa ciki. Daɗinta shi ne ruwa biyu gare ta. Ɓangaren kogi a kwance yake, yara su yi wasa a gefe kina kallonsu, ɓangaren teku kuma ku je ku sha iska ku dawo. Akwai masu kwalekwale da suke kai mutane har inda ruwan biyu suka haɗu, amma ki ce sai an ba kowa rigar ruwa kafin ku shiga. Abu ɗaya, makon farko na Agusta suke bikinsu na Asafotufiami, garin cika yake, ɗaki ya yi wuya ya yi tsada. Ku bari ya wuce.

In kuma kuna son yara su ƙaru da wani abu ban da wasan yashi, to Cape Coast da Elmina. Daga Kaneshie ake hawa mota, wajen kilomita 150 ne, amma ku fita da sassafe saboda cunkoson Kasoa. Sunan ma namu ne, kasuwa ce bakinsu ya mayar Kasoa. A Elmina akwai tsohon ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Na shiga ɗakin da ake tara mata, ba taga sai 'yar kafa a sama, na fito ban iya cin abinci ba ranar. Su Ummi sun isa su gani. Sannan ga dajin Kakum a arewa da Cape Coast, mai gadar igiya a ƙololuwar bishiyoyi. Ni dai ban hau ba, na riƙe wa mutane jakunkuna a ƙasa. Sai dai in gaya miki gaskiya, bakin ruwan da ke cikin garin, inda masunta suke ajiye jiragensu, ba shi da tsafta. Ku kwana a gari, ku ɗauki tasi zuwa wajen Brenu, yamma da Elmina, can yashin ya fi kyau. Mutanen Cape Coast ma suna da bikin Fetu Afahye a Asabar ɗin farko ta Satumba, ku kiyaye da wannan makon.

Busua ta fi su kyaun yashi duka, amma tana can gaba da Takoradi, da yara uku tafiyar za ta gajiyar da ku. Ku bar ta sai wani zuwan.

Batun kama ɗaki kuma, ki duba a intanet ki ga suna da hotuna da abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, musamman na baya-bayan nan, amma kar ki biya a can. Nemi lambarsu ki kira kai tsaye, sau da yawa sukan rage tunda ba mai cin kamasho a tsakani. Ki ce a kira ki ta bidiyo a zaga da ke ɗakin, a buɗe famfo ki ga ruwa na zuba, a ɗaga zanin gado, a nuna miki banɗaki. Wanda ya fara kwana-kwana ki rabu da shi. Ki tambaya in an ɗauke wuta akwai janareto, akwai gidan sauro, kuma akwai mashaya ko coci a maƙwabta, don masu kwanan addu'a ma da lasifika suke yi. In sun nemi kafin alƙalami, na kwana ɗaya ya isa. Ku shiga Litinin ku fita Alhamis ko Juma'a da safe, ki ce kwana uku ko huɗu za ku yi a yi miki ragi. A tsakiyar mako ɗakunan zaune suke ba kowa, ke ce da ƙarfi a ciniki. Ki yi tayi kamar kina Kwari, ba kunya.

Ina zuwa... Ke, rage wutar nan, miyar za ta kama! Yauwa, ina muka tsaya?

Abinci. Nan ne kuɗi yake zurarewa ba a sani ba, don abincin masauki na bakin ruwa farashin Turawa ne. Ki nemi inda za su bar ki ki shiga kicin, ko ki tambayi ina Zango yake. A Cape Coast ki nufi wajen kasuwar Kotokuraba, za ki ji Hausa, ki samu koko da ƙosai da safe, da waakye, wato shinkafa da wakenmu ce, ga masallaci. Nama kuwa kar ki saya a inda ba ki sani ba, ana cin alade sosai a nan. Ku tsaya a kifi. Da safe ki je inda masunta suke jan koma, mutum ashirin ko fiye a jere a igiya ɗaya suna waƙa, ki saya tun yana motsi, a gasa muku. Ranar Talata ce kawai ba sa fita, al'adarsu ce, sai ki sayi na ranar tun Litinin. Kuma ki taho da butarki. Ƙananan wuraren nan takarda kawai za ki tarar a banɗaki.

Baban Ummi, wannan taka ce, Allah ya ja kwana. Na san ka iya iyo a Tiga, amma tekun nan daban ne. Yana da ja ta ƙasa, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarka, kuma yawancin wuraren ba mai tsaron masu wanka. Ka tambayi masunta inda ake shiga, inda suka hana kar ka gwada. Yara kuma hannunsu a naka.

Takardu ba wahala, ba biza tsakaninmu. Fasfo ɗin kowa har yara, da katin allurar shawara, shi kam ana tambaya. Ta mota iyaka uku za ku tsallaka, Seme, da ta shiga Togo, da Aflao. In jirgi ne daga Legas awa ɗaya ce.

Kuma kar in ji kun wuce Nima ba ku kwana biyu a gidana ba, sai mu ɓata. Ki turo min ranar da yara za su gama jarabawa, in sa Alhaji ya kira wani abokinsa a Ada ya leƙa mana wurare biyu da idonsa. Ki taho min da kuka da daddawa, tawa ta ƙare tun azumi. A gaida Hajiya. Sai na ji ki.