Ƙanena, kar ka sayar da gidan nan tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai tambaya, na karanta saƙonka bayan sallar asuba, wallahi har yanzu jikina bai daina rawa ba. Ka ce unguwarku ta haɗa Hausawa da Yarbawa da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna, samari sun yi faɗa a gidan kallon ƙwallo, magana ta juye ta koma ta addini, yanzu maƙwabcin da kuke gaisawa kullum kawar da kai yake yi, iyalinka kuma sun matsa a sayar da gida a tsallaka gadar kogin Kaduna, a koma ɓangaren da Musulmi suka fi yawa. Kana neman shawara ko akwai hanyar zaunar da mutane, ko kuwa ka tattara. Ni an sa ni na tattara ba da son raina ba, don haka ka ba ni aron kunnenka.

A masaƙa na yi aiki a Kakuri. Wanda ya san Kaduna kafin 2000 ya san abin da nake nufi. In aka tashi daga aiki, Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma, auduga a gashin kowa, teburin mai shayi ɗaya muke zama. Gidana na kudu da kogi, ɗaki ɗaki na gina shi da albashi da kuɗin adashi.

Ba sai na ba ku labarin ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 ba, ranar da rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna, yawancinku kuna garin. Nawa kawai zan faɗa. Da dare matar maƙwabcina, 'yar Bajju ce, Maman tagwaye muke ce mata, ta buga ƙofar baya. Ko sallama ba ta tsaya yi ba, ta fizge mayafin mai ɗakina ta ɗaura mata zanin zumuntar mata na cocinsu da ɗankwalinsa, ta kwashe yarana ta cusa su ƙarƙashin gadonta tare da nata. Ni kuma mijinta ya ɗora kujera a kan tebur ya tura ni cikin silin. Ina kwance rub da ciki a kan katako, ƙura na shiga hancina, ina danne tari da hulata. Sai na ji masu tarzoma sun iso. A cikin hayaniyar nan na gane murya ɗaya. Yaro ne na layinmu, a tsakar gidana ya girma. Mai ɗakina ba ta taɓa zuba wa yarana tuwo ba tare da ta ware nasa ba. Da ubansa ya kwanta ciwo ni na saya masa takalmin makaranta, ni na kai shi wajen aski ranar jajiberin Kirsimeti. Shi ne na ji yana cewa, "Suna nan, ban ga fitarsu ba." Baba yake ce mini, 'yan uwa. Baba! Har gobe in na rufe ido sai in ji muryar nan, ba ta ma gama buɗewa irin ta manya ba. Na yi ta tambayar kaina me na yi masa, me muka rage shi da shi. Ban samu amsa ba. Maƙwabcina ya tsaya a bakin ƙofarsa ya rantse musu mun gudu tun da rana, ya ce duk mai son shiga ɗakin matarsa sai ya fara bi ta kansa. Suka juya suka cinna wa gidana wuta. Ta hudar kwano nake ganin haskenta.

Amma wanda ya fi ci mini rai ba yaron nan ba ne, shi yaro ne aka zuga. Wani dillali ne, Musulmi ɗan'uwana, sahu ɗaya muke tsayawa. Muna bariki muna kwana a kan tabarmar aro, ya zo da biro da takarda yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana sayen gidajenmu, wai taimako ya kawo. Kuɗin da ya ba ni ko kwanon rufin gidan ba za su saya ba. Ya ga yarana ba su ci abinci ba, ya san ba ni da bakin musu. Daga baya na ji haka wasu dillalan suka yi wa Kiristocin da suka gudo daga Rigasa da Tudun Wada. Mutanen nan tashin hankali kasuwa ce a wurinsu. Ina ganinsa har yau cikin babbar riga, ana ba shi wuri a ɗaurin aure. Ban yafe ba, na bar shi da Allah. Ka lura da kyau, in wani ya fara zagayowa yana ce maka "ai gara ka sayar tun da daraja", to ka san abin da ya kawo shi.

To me rabuwar ta haifar? An ce kowa ya koma cikin nasa za a zauna lafiya. Sai ga rikicin Nuwamban 2002, sai ga na bayan zaɓen 2011, sai ga abin da ya faru da matafiya a Gonin Gora a 2012, sai na Kasuwar Magani a Oktoban 2018 da ya tsallako cikin gari har aka sa dokar hana fita. Jikokina yanzu ba su da abokin wasa Kirista ko ɗaya, duk abin da aka gaya musu game da mutanen ƙetaren gada shi suke ɗauka. Can ma haka yaransu suke jin labarinmu. A unguwar da kowa iri ɗaya ne, in jita-jita ta shigo babu mai cewa ƙarya ne, yanzu na rabu da mutumin. Ku da kuke cakuɗe har yanzu kuna da abin da muka rasa.

Kar ka fara da kiran babban taro da kujerun haya da lasifika. Kowa zai zo ya kare ɓangarensa, a watse da sabon ɓacin rai. Ko a sama ma, a watan Agustan 2002 malamai da fastoci 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna, wata uku bayan nan gari ya sake kamawa. Ban raina ƙoƙarinsu ba, amma takarda ba ta tsaya a ƙofar kowa ba a daren da ake bukata. Maƙwabcin nan da ke kawar da kai, je ka ƙofarsa da yamma kai kaɗai, ka gaishe shi, ka tambayi yara. In ya amsa a daƙile ka koma gobe. Mai yiwuwa shi ma tsoronka yake ji, matarsa ma tana ce masa su tashi.

Sannan ku nemi abin da ya dame ku duka. Taransifoma, kwata da ta toshe, ɓarayin waya, rijiyar burtsatse. A kan irin wannan ake haɗa kuɗi, wanda kuka haɗa kuɗi da shi kuma ya zama naka. Ma'aji ya fito daga wancan ɓangaren, shugaba daga wannan. 'Yan sintiri kada a bari su zama na addini ɗaya, wallahi wannan haɗari ne babba, gobe su ne rundunar faɗa. Ka je wurin mai unguwa tare da dattijo ɗaya daga cikinsu, kada ka je da naka kaɗai. Limaminku yana da lambar faston layinku? In ba shi da ita, kai ka karɓo ka sa masa a waya. Ranar da saƙo ya fara yawo a WhatsApp cewa an kashe wane a wuri kaza, kira ɗaya tsakaninsu zai iya tsayar da samari.

Maganar tare hanya ranar Juma'a da Lahadi da ƙarar lasifika da dare, ku faɗe ta a fili tun ana dariya. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma don Allah ban da muhawarar addini, ba a taɓa gama ta da daɗi ba. In an yi musu rasuwa ku je gaisuwa, ranar Sallah a kai musu nama, in sun kawo abin da ba ka ci ka yi godiya cikin mutunci. Ka bar mata su yi adashinsu tare, su ne ke fara jin ƙishin-ƙishin. Ai mace ce ta fara buga mini ƙofa.

Samarin nan kuma abin tausayi ne. Tun da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, sauran masaƙun suka bi baya, ubanni suka zauna a gida, yara suka tashi ba sana'a sai ƙwaya. Ɗan siyasa ya ba su na shan tiramol ya nuna musu layi. In zaɓe ya matso ku ninka sa ido. Waɗanda suka yi faɗan, a kira su da iyayensu a gaban mai unguwa, a kira abin da sunansa, faɗan ƙwallo ne, a biya abin da aka fasa.

In wani ya ce maka ba a shiryawa da su, ka tuna masa Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, kuma a garin nan suka dawo suka kafa cibiyar sasanci tare. Ka tuna masa Liman Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi a jihar Filato da ya ɓoye Kiristoci 262 daga mahara a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba, kuma malamanmu sun ce wanda ba Musulmi ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka.

Ban ce ka yi wasa da ran iyalinka ba. In ka ga baƙin fuskoki suna taruwa, ko maƙwabtan kirki sun fara kwashe yaransu a ɓoye, ka kai naka wajen 'yan uwa su kwana biyu, takardun gida kuma tun yau ka ajiye su a wani wuri. Ka lallashi mai ɗakinka, tsoronta ba laifi ba ne. Ka turo mini sunan unguwar ta akwatin sirri, wataƙila akwai tsoffin abokan aikinmu na masaƙa a can, daga ɓangarorin biyu, da zan haɗa ka da su. Allah ya tsare ku.